Kwari ne ko kwazazzabo? Kuma wai daga ina kalmar ta fito?

Dan_Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata 'yar gardama ce ta kawo ni, ina neman a raba mu.

A bayan layinmu ruwa ya ci ƙasa. Shekara shida da suka wuce da taku ɗaya muke tsallake wurin, yanzu kuwa in mutum ya sauka ciki ko hularsa ba a gani. Jiya kwamitin unguwa ya sa ni rubuta takardar koke da za a kai wa hukuma, sai na rubuta "kwazazzabon da ke neman cinye gidaje tara". Da na kai wa dattijon da ke shugabantar mu don ya sa hannu, sai ya zaro biro ya soke kalmar, ya rubuta "kwari" a samanta. Ya ce kwazazzabo sai a daji tsakanin duwatsu, ba a cikin gari ba, kuma in muka rubuta haka za a ce mun sa gishiri. Ban ja da shi ba, sa'an mahaifina ne. Amma abin ya kwana yana cina.

To wane ne da gaskiya? Sannan ita kanta kalmar kwazazzabo, Hausa ce gangariya ko aro muka yi?

Bazazzagi_Asali:
Wa alaikumus salam. Ai amsar tana zaune a tsakiyar kalmar. Kwa-ZAZZA-bo. Tamu ce, Kanawa aro suka yi kamar yadda suka saba.

Tumbin_Giwa:
To madalla, rami ma sai kun ce naku ne. Mun bar muku, ku shiga ku shimfiɗa tabarma. Mu dai muna da Kantin Kwari, kowa kuma ya san abin da ake kwasowa a can.

Hajiya_Badarawa:
Ku kun fara ke nan. Ɗana Dan_Rigasa, ni a ƙauye na tashi, can wajen Saminaka, kuma ba mu taɓa haɗa su biyun ba. Kwari wuri ne da ƙasa ta kwanta, yana da faɗi, yana riƙe laima. A nan ake shinkafa da rake da gwaza. Kwazazzabo kuwa ba a noma shi. Bangonsa a tsaye yake, cikinsa matsattse, in ka leƙa sai ka ji sanyi ya bugo ka, rana ba ta shiga sai ta take tsaka. Kakarmu tana da ma'auni mai sauƙi: in jaki zai sauka da kaya ya hau ta ɗaya gefen, kwari ne. In sai an zagaya da shi, kwazazzabo ne. Kai ka san naku, ka auna da jakin.

Dan_Rigasa:
Hajiya, jaki ko ba kaya ba zai sauka ba. Akuyar maƙwabcina ta faɗa a watan jiya, da igiya da tsani aka fito da ita.

Manomin_Giwa:
Maganar Hajiya haka take. Kuma kar a manta kwari bai da girma ɗaya. Ko a gona, tsakanin kunya da kunya kwari muke cewa. Ka ga daga abin da bai wuce tsawon garma ba har wanda gari guda zai zauna a ciki, duk kwari ne. Don haka dattijonku bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauki babbar riga ya sa wa abin.

abba_kd:
wai kwari kuke magana ko kwari? ni da na ga taken na dauka maganin kwari ake nema, har zan ce akwai mai feshi a layinmu

Malam_Nahawu:
Abba, ka ga illar rubutu ba ƙugiya ke nan. Kalmomi huɗu ne suke haɗuwa a wayarka su zama ɗaya. Akwai kwari na ƙasa, murya ta hau sannan ta sauka. Akwai kwari na kibau, wanda ke tafiya da baka, murya ta fara ƙasa ta hau. Akwai ƙwari jam'in ƙwaro. Akwai kuma ƙwari na ƙarfi, kamar a ce katako mai ƙwari, su biyun nan masu ƙugiya ana jan wasalinsu na farko. Ka nemi allon rubutun Hausa ka sa a wayar, kyauta ne.

Yanzu ga tambayar Dan_Rigasa ta biyu, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa.

Ku rarraba kalmar gaɓa-gaɓa: kwa-zaz-za-bo. Ku ajiye ta kusa da waɗannan: ku-dud-du-fi, ru-dud-du-ge, ha-ɓaɓ-ɓa-ka. Kun ji ƙirar iri ɗaya ce. Gaɓa ta biyu ce aka ninka a cikin cikin kalma. Wannan aikin Hausa ne tsantsa, kuma har gobe muna yin sa ba tare da mun lura ba: tafasa ta zama tafarfasa, rikita ta zama rikirkita, maƙale ta zama maƙalƙale, haɓaka ta zama haɓaɓɓaka. Ninkin yana nuna yawa, ko maimaici, ko tsanani.

Bambancin shi ne, in ka cire ninkin daga haɓaɓɓaka za ka koma haɓaka, kalmar da kowa ya sani. In ka cire shi daga kududdufi sai ka sami "kudufi", ba wanda ke faɗin haka. In ka cire daga kwazazzabo sai ka sami "kwazabo", shi ma ban taɓa jin sa a bakin kowa ba. Masana harshe kan ce irin wannan ninkin ya daskare: uwar ta mutu ta bar 'yar. Don haka abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, ƙirar kalmar ta gida ce, ba ta yi kama da baƙuwa ba, kuma tsohuwa ce, tun da har tushenta ya ɓace daga bakinmu.

Ummu_Hanan:
Malam, tushen bai ɓace ba, yana gidana. Ƙwazzaba ce. Abin da ya hana ka barci duk damina ai ya ƙwazzabe ka.

Malam_Nahawu:
Allah ya ba ki haƙuri Ummu Hanan, amma waccan da ƙugiya take. Hausa ba ta wasa da bambancin k da ƙ. Kafa daban, ƙafa daban. Haka wanda zai kawo mana zazzaɓi, tun kafin ya zo, ɓ ce a can, b ce a nan.

Sarkin_Yakin_Kawo:
Ni abin da na ji daga bakin kakana, Allah ya jiƙansa, shi ne asalinta "kwarin azaba". Ya ce zamanin fatauci da ƙafa, in ayari ya iso irin wannan wuri sai an sauke wa jakuna kaya, a bi da su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan 'yan fashi ke yin kwanto saboda ba wurin gudu. Shi ne fatake suka riƙa cewa kwarin azaba, yau da gobe baki ya taƙaita. Mutum ne da ya yi fataucin goro da ƙuruciyarsa, ba zai faɗi abin da bai sani ba.

Tumbin_Giwa:
Wannan ta fi ta Bazazzagi ma'ana nesa ba kusa ba.

Malam_Nahawu:
Allah ya jiƙan kaka. Labarin wahalar fatake gaskiya ne, ba na ja. Amma kalmar ba ta yarda ba. Ina "rin" ɗin ya tafi? Ina z ta biyu da ta uku suka fito? Me ya mai da azaba ta koma "zabo"? In Hausa ta haɗa kalma biyu takan bar sawu, ka duba farar hula ko jan gwarzo ko gashin baki, kowace ana ganin ɗinkin. Kuma azaba daga Larabci take. In an karɓi wannan bayani, an ce ke nan Bahaushe bai da sunan wannan wuri sai bayan zuwan kalmomin Larabci, alhali ruwa ya daɗe yana cin ƙasa kafin nan.

Sarkin_Yakin_Kawo:
Malam, da girmanka, kai ma ai ba ka kawo tushen ba. Ka ce uwa ta mutu. Ni na nuna maka kabari, kai ko kabarin ba ka nuna ba.

Malam_Nahawu:
Haka ne, ban nuna ba. Gara in ce ban ga kabarin ba da in yi addu'a a kan na wani.

Dalibin_Zaure:
Bari in sa baki ta ɓangaren Larabci. Kalmomin da Larabawa ke da su na irin wannan wuri su ne wadi, da shi'ib, da fajj. Ba wadda ta yi kusa da kwazazzabo ko a mafarki. Fajj tana cikin Suratul Hajji aya ta 27, inda ake maganar mahajjata masu zuwa daga kowace hanya mai nisa, asalinta hanya ce tsakanin duwatsu. Shi'ib kuma duk wanda ya yi karatun sira ya san Shi'ibi Abi Ɗalib, inda Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim wajen shekara uku. Malaminmu a Tudun Wada in ya zo wurin nan "kwazazzabo" yake fassarawa, kuma yana jan kalmar har sai ka ji ƙuncin wurin a ƙirjinka. Da ya ce kwari, da mu yara mun ɗauka wata fadama ce mai ni'ima.

Ladi_Sabon_Tasha:
Mu kuma a Littafi Mai Tsarki, Zabura ta 23, kwari aka sa, kwarin inuwar mutuwa. Haka muka haddace tun muna yara. Amma in na tuna wuraren da na gani a gida, wajen duwatsun Kagoro, inda dutse ya tsage ruwa na bi ta ƙasa kana jin ƙararsa ba ka ganinsa, hoton da ke zo mini na kwazazzabo ne ba na kwari ba. Wataƙila masu fassara sun zaɓi wadda kowa zai gane, har waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce.

Injiniya_MB:
Jama'a ku yi haƙuri, zan ɗan fita daga nahawu. Dan_Rigasa, wanda zai karanta takardarku ba ruwansa da kwari ko kwazazzabo. Abin da zai sa ya ɗaga kai shi ne lamba da hoto. Ku auna zurfi, ku auna faɗi, ku auna tsawo, ku rubuta taku nawa ya rage tsakanin bakin ramin da katangar gida mafi kusa. Ku kafa turke a kan ramin yau, ku sake aunawa bayan ruwa uku.

Na ce kan ramin don mutane da yawa ba su san ta nan yake girma ba. Ruwa in ya zo ya faɗa daga sama, yana tono ƙarƙashin bakin, sai saman ya rasa abin da zai zauna a kai ya rufta. Haka zai riƙa ja da baya yana hawa tudu, yana bin inda ruwan ke fitowa. Jar ƙasarmu ta Kaduna tana da tauri a sama, in ruwa ya huda wannan ɓawon ya kai ga mai laushi ta ƙasa, shi ke nan. Yawancin waɗanda na gani a cikin gari kuma ba Allah ne kawai ya kawo su ba. Za ka tarar an yi kwata an ja ta mita ɗari biyu, kuɗi ya ƙare, aka sake ta a fili. Ga rufin kwano ko'ina, ga siminti a tsakar gida, ruwan da ƙasa ke shanyewa da duk ya koma gudu. Sai masu ɗibar yashi su ƙarasa aikin.

Dan_Rigasa:
Injiniya kamar ka zo ka gani. Daidai inda kwatar babban titi ta ƙare a nan ya fara. Yanzu akwai wani mangwaro a bakinsa, rabin saiwoyinsa a waje suna lilo kamar gashin da ba a kitse ba. Gidan da ke kusa, bayan gidansu ya riga ya tafi, kwanon rufin ne kawai ya rage a rataye da ƙusa biyu. Mun zuba buhunan yashi da tsofaffin tayoyi bara, ruwan Agusta ɗaya ya kwashe. Mata kuma sun mai da shi bola, wai don ya cike.

Injiniya_MB:
Bolar nan ku hana. Leda ba ta riƙe ƙasa, toshe hanya take yi ruwan ya koma cin gefe.

Yar_Gombe:
Ina karanta ku ina dariya. Ku zo Gombe ku ga abin da ake kira cin ƙasa, wanda zai haɗiye gidan sama. Kuma mu duk kwari muke cewa. "Gidansu yana bakin kwari", "kwari ya ci makaranta". In ka ce kwazazzabo a unguwarmu za a gane, amma za a san daga littafi ka ɗauko ko daga rediyo. Ina ga dattijonku irin Hausarmu yake yi.

Hajiya_Badarawa:
To kin ji. Ashe abin har da inda mutum ya tashi.

Bamaradi_a_Kakuri:
Gaisuwa ga kowa. Ni mutumin Maraɗi ne, sana'a ta zaunar da ni nan. A wajenmu in Bature ya zo rubuta taswira da Faransanci bai fassara ba, ɗauka ya yi yadda ya ji. Za ka ga an rubuta goulbi, wato gulbi, kamar Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba. Za ka ga kori, hanyar ruwan da ke gudu da damina ya ƙafe da rani. Ku ma nan na ga fadama ta shiga Turancin gwamnati, har da shirin noma mai sunanta. Abin da nake so in ce, wajen sunayen ƙasa da ruwa mu ake ara wa, ba mu muke aro ba. Abin da muka aro shi ne wanda Bature ya gina, irin su kwalbati.

Kuma wani abin dariya, kalmar da Faransawa ke kiran kwazazzabo da ita, gorge, ita ce dai kalmarsu ta maƙogwaro. Turawan Ingila ma daga wurinsu suka ɗauka. Su maƙogwaro suka gani a wurin.

Ummu_Hanan:
Ai kuwa sun gani daidai, tun da haɗiya yake yi.

Matashi_Malali:
Ni fa ina zargin daga Gwari muka samo ta. Su ne 'yan ƙasa a nan, su suka san duwatsu da ramuka. Ko sunan Kaduna ai an ce nasu ne.

Shekwo_Gbagyi:
Ɗan'uwa, Gbagyi muke, a riƙa faɗi daidai. Maganar sunan gari kuwa, gaskiya ne dattawanmu suna cewa daga kalmarmu ta kogi ya fito, Hausawa kuma suna cewa kadduna ne, jam'in kada. Wannan gardamar ta girmi kowa a zauren nan. Abin da ba gardama shi ne muna bakin kogin nan tun kafin Turawa su taso da hedikwata daga Zungeru su dawo nan a 1917.

Bazazzagi_Asali:
Kuma ƙasar Zazzau ce a lokacin, a rubuta wannan ma.

Tumbin_Giwa:
Wai kai ba ka gajiya?

Malam_Nahawu:
Matashi, zato ba laifi ba ne, amma ga abin da za ka fara tambaya. In daga Gbagyi ta shigo, sai a sa ran ta fi ƙarfi a kudancin ƙasar Hausa, ta yi rauni a arewa. Bamaradi, ku kun san ta?

Bamaradi_a_Kakuri:
Mun san ta sarai.

Malam_Nahawu:
To ka gani. Mai son bin sawun kalma irin wannan, ba maƙwabta zai fara tambaya ba, dangi zai nema. Hausa tana cikin harsunan Cadi, danginta su ne irin su Bolanci, Karekare, Ngizim, Bade, Angas. In aka sami kalma mai kama da wannan a can, da ma'ana mai kusa, kuma sautukan suka dace bisa ƙa'ida ba bisa son rai ba, to an kama hanya. Irin aikin da Neil Skinner ya yi ke nan a ƙamusunsa na kwatanta Hausa da sauran harsuna, na 1996. Wanda ke kusa da ɗakin karatu na jami'a ya duba mana shi, ya haɗa da na Bargery na 1934, wanda yakan nuna kalmar da ta fito daga Larabci, yakan kuma faɗi yankin da ake amfani da wasu kalmomin. Sai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 don ma'ana da Hausa. Nawa kwafin ruwa ya ci a ambaliyar 2003, lokacin ina Kigo Road, ban sake mallakar wani ba.

Hajiya_Badarawa:
Allah sarki Malam. Wannan shekarar ba mai manta ta.

Ni wani abu ma ya faɗo mini. Ku dubi sunayen unguwanninmu: Tudun Wada, Tudun Nupawa, Rafin Guza, Hayin Banki, Kurmin Mashi. Duk wanda ya sa sunayen nan ƙasa ya duba. Hayi ai sai an haye ruwa. Amma ban taɓa jin unguwar da aka ce mata Kwazazzabon wane ba. Ba mai zama a wurin balle ya ba shi suna. Sai yanzu da gari ya cika, aka yanka filaye har kan hanyar ruwa.

Manomin_Giwa:
Dan_Rigasa, kafin hukuma ta waiwaye ku, ku nemi kashe-kwari ku dasa a gefen da bai riga ya yi tsaye ba. Wani ɗan itace ne mai rami a cikin karansa, furensa kamar na duman kada. Yanka shi kawai ake yi a soka a ƙasa mai laima, ya kama. Ku haɗa da jema, saiwarta tana nitsawa sosai. Sai dai a kula da awaki, kashe-kwari yana yi musu illa in suka ci da yawa.

abba_kd:
to wannan kashe kwarin wanne yake kashewa a cikin hudun da malam ya lissafa

Manomin_Giwa:
Na ƙasa, Abba. Sauro ma a cikinsa yake kwana.

Yar_Gombe:
Kun ga shaida ta fito daga bakin manomi. Ba a ce masa kashe-kwazazzabo ba. Maki ɗaya ga dattijo.

Dalibin_Zaure:
Wa zai iya faɗin kashe-kwazazzabo sau uku bai ciji harshe ba? Wannan ba hujja ba ce, sauƙin baki ne.

Sarkin_Yakin_Kawo:
Ni dai har yanzu ina kan kwarin azaba. Ku tambayi mai gidan da bayan gidansa ya tafi, ku ji wace fassara zai zaɓa.

Dan_Rigasa:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga inda aka kwana. Da asuba bayan an idar na samu Baba a ƙofar masallaci, na karanta masa maganar Hajiya ta jaki. Ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce su a garinsu ba su da duwatsu, duk inda ruwa ya bi kwari ne, kwazazzabo kuwa a tatsuniya ya san shi, inda kura ke kai mutane. Ya ce in rubuta yadda na ga dama amma kar in cire tasa. Yanzu takardar tana cewa "kwarin da ruwa ya haƙa, wanda ya riga ya zama kwazazzabo".

Injiniya, mun auna da gora da igiya. Zurfi ƙafa goma sha ɗaya a wajen mangwaron, faɗi bai kai takwas ba. Mun kafa turken.

Injiniya_MB:
Zurfi ya fi faɗi ke nan. A wurin aikinmu dai wannan ya wuce a ce masa kwari. Ku matsar da yara daga ɗakin da ke gefen, kar ku jira amsar takarda.

Malam_Nahawu:
Akwai wanda ya samu ya leƙa Bargery ɗin?

Ladi_Sabon_Tasha:
Ƙanena yana karatu a Samaru, na tura masa saƙo. Ya ce sai Litinin in an buɗe.

Dan_Rigasa:
Manomin Giwa, in za ka shigo gari ranar Juma'a don Allah ka ɗauro mana kashe-kwarin ko dami biyu, zan biya kuɗin mota. Hadari ya haɗo ta gabas yanzu haka, bari in je in ga turken.